Uku sanzatu a birij: me mai alkawari zai lissafa kafin ya taɓa kartar farko?

Ɗan Wadata, Yamai

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Mu huɗu ne a fadarmu ta unguwar Wadata da muka rage buga belot muka koma koyon birij, ba don kuɗi ba, sai don wasan yana sa mutum tunani, kuma mukan haɗa da buga shi a Bridge Base Online ta salula ranar da wani bai samu fitowa ba. Wasan da ake yi da atu, wato launin da ke yanka sauran launuka, ya fara zauna mana, domin wanda ya saba da belot ya riga ya san amfanin yanka. Inda muke shan wuya shi ne alkawarin sanzatu, wato wanda ake bugawa ba tare da atu ba, musamman uku sanzatu, wanda shi ne tayi ya fi kai mu gare shi, kuma shi ne ya fi faɗuwa a hannunmu.

Ga rabon da ya jawo gardama a tsakaninmu. A birij ana kiran ƴan wasa da sunan kusurwar da suka zauna, Arewa da Kudu ɓangare ɗaya, Gabas da Yamma ɓangare ɗaya. Kudu ya buɗe tayi, wato faɗin yawan cin da za a yi alkawari, da ɗaya sanzatu, Arewa ya kai shi uku sanzatu, wato ana neman ci tara cikin goma sha uku.

Arewa, wanda ya shimfiɗa kartocinsa a tebur don Kudu ya buga su: pik 8 3, ker Sarki 7 4, karo As Bale 10 9 5, tirefil Dam 6 2.

Kudu, mai alkawari: pik As 9 5, ker As 8 2, karo Dam 8 3, tirefil As Sarki 5 4.

Yamma ya fito da 6 na pik, Gabas ya sa Dam. Kudu ya ci da As nan take, ya fitar da Dam ta karo ya bar ta ta wuce da fatan Sarki yana wurin Yamma. Sai Sarki ya fito daga Gabas, ya mayar da pik, Yamma ya kwashe huɗu a jere, alkawari ya faɗi da ci ɗaya. Shi Kudu yana cewa rashin sa'a ne kawai, tunda ampas, wato wannan dabara ta neman ci da kartar da ba ita ce babba ba da fatan babbar tana hannun wanda ya riga ya buga, rabi da rabi ne. Na biyu yana cewa da As na pik ya jira, amma ya kasa faɗin sau nawa zai jira ko dalilin jiran. Na uku kuma yana ganin tirefil ya kamata a fara kwashewa.

Tambayata biyu ce. Ta farko, wa ke da gaskiya a wannan rabon? Ta biyu, wadda ta fi damuna, akwai tsarin tunanin da mutum zai bi duk lokacin da aka shimfiɗa kartocin tebur a sanzatu, ko kuwa kowane rabo sai an yi masa sabon tunani daga tushe? Allah ya saka da alheri.

Malamin lissafi mai ritaya, Tawa

Wa alaikumus salam, ɗana. Rabon da ka kawo ya dace da koyarwa ƙwarai, domin ba rashin sa'a ne ya kayar da shi ba. Abokinku da ya ce As ya jira shi ne ya kama hanya, amma dalilin ya fi amsar amfani, don haka ka yi haƙuri da tsawon bayanina.

Belot ya saba muku da ƙirga makin da ke cikin kartocin da aka ci, shi ya sa hannu yake saurin kaiwa ga As. A birij kuwa, da zarar an rufe tayi, lissafin makin da ake tayi da shi, wato As huɗu, Sarki uku, Dam biyu, Bale ɗaya, ya gama aikinsa, kuma cin da aka yi da 2 daidai yake da cin da aka yi da As. A sanzatu babu yanka, saboda haka duk ɓangaren da ya riga ya ƴantar da dogon launinsa, wato abokan hamayya ba su da sauran kartar da za ta ci a cikinsa, sannan fita, wato damar fara jefa karta, ta zo hannunsa, babu mai tsayar da shi har kartocin launin su ƙare. Manyan kartocinka a launin abokan hamayya ba don ci kaɗai suke ba, su ne makarin da ke hana su kwarara, kuma makarin da ya fita ya fita ke nan.

Abu na farko, kafin ka ce wa tebur ya sa ko da karta ɗaya, shi ne ka ƙirga cin da kake da shi a hannu, wato wanda za ka iya kwashewa ba tare da fita ta bar ɓangarenka ba. A nan pik ɗaya ne, ker biyu, karo ɗaya, tirefil uku, jimla bakwai. Saura biyu. Magidanci a nan Adar yakan duba abin da ya rage a rumbu ya auna shi da watannin da suka rage kafin kaka, kuma giɓin da ya gani shi ke faɗa masa abin da zai nema. Haka lamarin yake a nan. Abu na biyu shi ne ka tambayi kowane launi abin da zai iya ƙara maka. Tirefil zai ƙara ɗaya tak, kuma sai idan kartoci shida da ke waje sun rabu uku da uku, don haka shawarar abokinku na uku ba ta kai ku tara ba ko da ta yi nasara. Karo kuwa, tunda Sarki kaɗai ya rage muku tsakanin As da 8, zai ba da ci huɗu ko da ampas ya faɗi, biyar idan ya ci. Ke nan karo ya wadatar, kuma ya wadatar ko Sarki yana ina.

Abu na uku shi ne wanda masu koyo suke tsallakewa: idan na rasa fita, wa zai karɓe ta, kuma me zai iya yi mini? Ampas ɗin karo, saboda As yana tebur, Gabas kaɗai zai iya cin sa. Idan Sarki yana wurin Yamma, ba zai taɓa ci ba muddin kana bi ta kansa. To tambayar ta koma guda ɗaya: lokacin da Gabas zai ci, yana da sauran pik da zai miƙa wa abokinsa ko babu?

Kartar farko ta riga ta ba da labari mai yawa. Idan Yamma yana bin al'adar fitar da karta ta huɗu daga sama a launinsa mafi tsawo, wadda ita ce aka fi koyarwa a Faransa game da sanzatu, sai ka cire lambar kartar daga 11. Sha ɗaya a cire shida, saura biyar: kartoci biyar da suka fi 6 suna rabe tsakanin tebur da kai da Gabas. Kana ganin uku, wato 8 da 9 da As, don haka Gabas biyu gare shi, ɗaya cikinsu Dam ɗin da ya sa. Ƙananan da ba ka gani su ne 4 da 2. Idan duka biyun suna wurin Gabas, pik ya rabu huɗu da huɗu, kuma babu abin tsoro, domin pik uku da Sarkin karo ci huɗu ne kawai, kai kuma huɗu kake da ikon bayarwa. Haɗarin yana nan ne idan Yamma yana da biyar ko shida.

Maganinsa shi ne ka bar Dam ta ci, ka bar pik na biyu ma ya wuce, sannan ka ci na uku da As, tebur ya zubar da ƙaramin ker. Idan Yamma biyar gare shi, Gabas uku gare shi, kuma sun ƙare. Sai ka fitar da 8 na karo ka sa 5 daga tebur, domin idan ya wuce fita tana nan a hannunka ka maimaita da Dam. Gabas ya ci da Sarki, ya duba hannunsa babu pik, duk abin da ya mayar kana da makarinsa, ka kwashe ci goma. Idan kuma ya fito da pik na huɗu, to launin huɗu da huɗu ya rabu, ka samu taranka. Akwai wata ƙa'ida da ake bai wa masu koyo don sanin yawan jira idan As kaɗai ne makarinka: ka haɗa kartocin launin da ke hannunka da na tebur, ka cire daga bakwai. A nan uku da biyu biyar, bakwai a cire biyar saura biyu, jira sau biyu.

Ka kuma nuna wa mai cewa rabi da rabi ne abin da ya saka a faifai. A sanzatu ci na farko bayan shida maki 40 ne, kowane na bayansa 30, don haka uku sanzatu maki 100 ne daidai, wanda shi ke jawo ladan 300, ko 500 idan kuna cikin ja, wato a rabon da lada da tara suka fi yawa a ɓangarenku. Jimla 400 ko 600. Ci na ƙari kuwa 30 ne kacal. Wanda ya ci pik na farko da sauri yana neman ƙarin 30 ne ya jefa 400 cikin haɗari, ga kuma tarar 50 ko 100 da za a rubuta wa abokan hamayya.

Game da tambayarka ta biyu, tsarin shi ne waɗannan tambayoyi uku, a jere, kowane rabo. Kuma ba laifi ba ne mai alkawari ya tsaya ya yi tunani bayan an shimfiɗa tebur, ko da kartar da tebur zai sa ita kaɗai ce a launin. Ƴan wasa na ko'ina sun san lokacin tsara wasa ke nan.

Hajiya ta Filato, Yamai

Malam, Allah ya ƙara lafiya, ban da abin da zan rage a kan rabon kansa. Abin da ban so yaran nan su tafi da shi ba tare da gargaɗi ba shi ne ƙa'idar bakwai. Na ga masu koyo da yawa da suka haddace ta suka daina tunani, sai su riƙa barin ci na farko ya wuce a kowane sanzatu kamar wajibi ne, alhali akwai rabon da jiran shi ne yake kashe alkawari. Ƙa'idar an yi ta ne don yanayi guda, wato As shi kaɗai a launin da aka fito da shi, babu kuma wani launin da ya fi shi rauni. Tambayar Malam ta uku, wa zai karɓi fita, ita ce uwa. Jira ɗaya ne kawai daga cikin hanyoyin amsa ta.

Ɗana, ka ɗauki rabonku ka canza abu biyu, kada ka damu da maganar maki. Ka mai da pik ɗin Kudu Sarki Bale 5, karonsa kuma Sarki 8 3. Yamma ya fito da 6 ɗin nan, Gabas ya sa Dam, ka ci da Sarki, Bale da 5 suka rage maka. Yanzu haɗarin ya juya. Idan Yamma ne ya samu fita, ba zai iya cutar da kai ba, domin ya kwashe As, Balenka ya zama makari. Idan Gabas ne ya samu, zai bi ta cikin Balenka da 9, Yamma mai As da 10 ya kwashe huɗu. A karo Dam ce ta ɓace, kuma tunda As yana tebur Sarki yana hannu, kai ke da zaɓin ɓangaren da za ka yi ampas. Sai ka shiga tebur da Sarkin ker ko Dam ta tirefil, ka fitar da Bale, idan Gabas bai rufe ba ka bar shi ya wuce. Ba wai ka san inda Dam take ba ne, a'a, ka zaɓi wanda za ka iya jure ya ci. Kartocin tebur ba su canza ba ko ɗaya, amma ampas ɗin ya koma kishiyar wanda Malam ya nuna.

Ga wani rabon da nake so ku shimfiɗa a fadarku ku buga shi sau biyu.

Tebur: pik Bale 6 3, ker 7 5 2, karo Sarki 6, tirefil As Bale 10 8 4.

Kudu: pik Sarki Dam 4, ker As Sarki 4, karo As 8 5 3, tirefil Dam 9 3.

Alkawari uku sanzatu ne, Yamma ya fito da Dam ta ker, wadda ke nuna Bale da 10 ko 9 a bayanta. Cin da ke hannu biyar ne: ker biyu, karo biyu, tirefil ɗaya. Ido yana tafiya kai tsaye ga tirefil saboda shi ne dogo, amma ka ƙirga: idan ampas ya faɗi, tirefil huɗu ne, jimla takwas, har yanzu kana buƙatar pik ɗaya. Ke nan mai yiwuwa ne sai ka rasa fita sau biyu, sau ɗaya ga As na pik, sau ɗaya ga Sarkin tirefil, kuma makarinka a ker biyu ne, ɗaya yana fita yanzu. Jerin da za ka bi shi ne komai. Sarkin tirefil Gabas kaɗai zai iya ci da shi. As na pik kuwa yana iya kasancewa wurin Yamma, kuma idan haka ne shi ne kaɗai ƙofarsa zuwa ga ker ɗinsa. Idan ka fara da tirefil, Gabas ya ci ya mayar da ker, makarinka na ƙarshe ya fita, ka kwashe takwas, ranar da ka taɓa pik Yamma ya ci ya sauke ker ɗinsa, ka faɗi. Idan ka fara da Sarkin pik, ka tilasta wa Yamma ya yi amfani da ƙofarsa tun launinsa bai ƴantu ba. Ya ci, ya sake fito da ker, ka ci, ka yi ampas ɗin tirefil zuwa ga Gabas, wanda idan ker biyar da biyu ya rabu ba shi da sauran ko ɗaya, idan kuma huɗu da uku ne za su ci biyu kawai, jimla huɗu. Idan suka ƙi cin Sarkin pik, ka samu abin da kake nema, kada ka sake taɓa launin, ka juya ga tirefil.

Ka lura ban ce ka bar Dam ta ker ta wuce ba. Wanda ya bi ƙa'idar bakwai ido rufe zai ce shida a cire daga bakwai saura ɗaya, ya jira sau ɗaya. To idan Yamma mai hankali ne ya juya zuwa karo fa? A karo ma makarinka biyu ne, kuma yanzu ka riga ka ba su ci ɗaya kyauta. Za su iya haɗa ker ɗaya, pik ɗaya, tirefil ɗaya da karo biyu, biyar ke nan, a rabon da babu abin da zai kayar da shi da ka ci tun farko. Kafin kowane jira, ka duba sauran launuka ka tambayi kanka ko akwai inda juyawarsu za ta fi ci gabansu zafi.

Ɗan Wadata, Yamai

Baba Malam, Hajiya, mun gode ƙwarai. Mun shimfiɗa rabon Hajiya jiya da dare, mun buga shi ta hanyoyin biyu, kuma abin ya fito kamar yadda ta faɗa. Sauran abu biyu. Sau da yawa dogon launin yana tebur amma tebur ba shi da wata babbar karta a gefe, sai mu ƴantar da launin mu kasa komawa gare shi. Sannan idan ci na tara yana iya fitowa daga wuri biyu, ta yaya mutum zai san wanda zai fara gwadawa?

Injiniya, Yantala

Ɗan'uwa, bari in ɗauki waɗannan biyun, manya su gyara mini inda na karkace.

Maganar komawa tebur ita ma a ci na farko ake yanke ta, ba a tsakiyar wasa ba. Ka ɗauka tebur yana da karo As Sarki 8 6 4 2, kai kana da 7 3, kuma babu wata babbar karta a tebur. Idan ka kwashe As da Sarki sannan ka ba da na uku, ƙananan uku sun ƴantu, amma karonka ya ƙare, babu abin da zai kai ka wurinsu, ka tashi da ci biyu a launin da ke iya ba da biyar. Ci ɗaya dole ne ka bayar a launin ko ta yaya, don haka ka bayar da shi tun farko: ƙarami daga hannu, ƙarami daga tebur. Idan fita ta dawo gare ka, sauran karonka guda zai kai ka ga As, Sarki ya share abin da ya rage, ukun baya su biyo. Sharaɗin shi ne kartoci biyar da ke waje su rabu uku da biyu, da kuma kana da makarin da zai jure rasa fita sau ɗaya. Haka kuma idan an fito da launin da kake da As a hannu, Sarki a tebur, kada ka ci da wanda ya fi kusa da yatsanka. Ka ci a ɓangaren da ba za ka buƙaci ƙofarsa daga baya ba. Kuma idan launi ya fi gajarta a ɓangare ɗaya, misali Dam 5 a hannu da As Sarki Bale 3 a tebur, babbar kartar gajeren ɓangare ce ke fara fita, in ba haka ba launin ya toshe kansa.

Tambaya ta biyu tana buƙatar a riƙe ƴan alƙaluma, ba su da yawa. Idan kartoci biyar ne a waje, suna rabuwa uku da biyu kusan kashi 68 cikin 100, huɗu da ɗaya kusan kashi 28. Idan shida ne, uku da uku kusan kashi 36 ne kawai, huɗu da biyu kusan kashi 48. Idan huɗu ne, biyu da biyu kusan kashi 41, uku da ɗaya kusan kashi 50. Idan bakwai ne, huɗu da uku kusan kashi 62. Abin da ke sauƙaƙa riƙewa shi ne adadin da ba ya rabuwa biyu daidai yakan rabu kusa da daidai, adadin da ke rabuwa daidai kuwa, daga huɗu zuwa sama, yakan karkace. Ke nan idan dole ne ka zaɓi ɗaya tak, ampas mai kashi 50 ya fi fatan uku da uku, amma bai kai fatan uku da biyu ba.

Sai dai sau da yawa ba dole ba ne ka zaɓa, kana iya gwada duka biyun idan ka jera su daidai. Ka ɗauka kana da ci takwas, na tara zai fito ko daga tirefil irin na rabonku, As Sarki 5 4 da Dam 6 2, ko daga ampas na ker da As Dam a hannu. Ampas idan ya faɗi, fita ta tafi, kuma mai yiwuwa ba ta dawowa. Kwashe tirefil uku kuwa ba ya rasa fita. Don haka ka fara da tirefil. Idan kowa ya bi launi sau uku, na huɗu ya zama na tara, ba ka buƙatar ampas. Idan bai rabu ba, ampas yana nan yana jiranka. Kashi 36 ka haɗa da rabin kashi 64 da ya rage, ka kai kusan 68. Abin lura guda shi ne idan tirefil bai rabu ba, ka ƴantar wa ɗayansu ci ɗaya, don haka ka tabbata wannan cin ba shi ne na biyar ɗinsu ba, kuma ka bar wa kanka hanyar shiga ɓangaren da ampas zai taso daga gare shi.

Akwai kuma abin da zan ƙara wa abokinku mai cewa rabi da rabi ne. Waɗannan alƙaluma na kafin a ga komai ne, kuma suna motsawa da zarar ka san wani abu. Idan Yamma yana da pik biyar, Gabas uku, to guraben da suka rage a hannun Yamma takwas ne, na Gabas goma. Sarkin karo yana iya zama a kowane gurbi cikin sha takwas ɗin nan, don haka damar yana wurin Gabas goma ce cikin sha takwas, kusan kashi 56. A daidai rabon da faɗuwar ampas take kashe alkawari, a nan ne ampas ɗin ya fi yiwuwar faɗuwa.

Malamin lissafi mai ritaya, Tawa

Hajiya ta yi gaskiya, kuma na karɓi gyaranta: ƙa'idar bakwai tana faɗin yawan jira ne bayan an riga an yanke cewa jira ya dace, ba ita ke yankewa ba. Zan ma ƙara wani yanayi da jiran yake da wata manufa dabam. Idan kana da As Bale 4 a hannu, Yamma ya fito da Sarki daga Sarki Dam 10, ka bar shi ya ci. Idan ya ci gaba, ya shigo cikin As da Balenka ya ba ka ci biyu. Idan ya juya, ka samu lokaci. Amma da 10 9 ne a tebur tare da As Bale ɗinka, ko wani haɗin da ke tabbatar maka da makari na biyu idan ka ci yanzu, sai ka auna ko jiran ba zai sa ka rasa wannan makarin ba.

Lissafin 11 da na nuna ya tsaya ne a kan cewa abokan hamayya suna fitar da ta huɗu daga sama. A intanet za ku gamu da masu wata al'ada dabam, kuma dokar wasa ta ba mai alkawari ikon tambayar yarjejeniyarsu, don haka ku tambaya kafin ku gina tsari a kai.

Abu na ƙarshe ya shafi irin gasar. A wasan ƙungiya ta mutum huɗu, ko zaman fada irin naku, cika alkawari shi ne gaba da komai. A gasar bibbiyu kuwa, inda ake kwatanta makinka da na duk waɗanda suka riƙe kartocinka a sauran tebura, ƙarin maki 30 yana iya ɗaga ka sama da su, kuma akwai rabon da ƙwararre zai ɗan saka alkawari cikin haɗari don neman ƙarin. Rabonku ba ya cikin waɗannan. Idan ampas ya ci, ci goma sha ɗaya suna nan ko ka jira ko ba ka jira ba: pik ɗaya, ker biyu, karo biyar, tirefil uku. Abin da jira sau biyu yake hana ka shi ne na goma sha biyu, wanda ta hanyar tirefil sai ampas ya ci kuma launin ya rabu uku da uku, haɗin da bai kai kashi 20 cikin 100 ba. Ko a gasar bibbiyu ne, a wannan rabon As na pik sai a zagaye na uku.